Karɓuwa, Suna da Cancanta: Kalmomin Auna Mutum a Zangunan Akra

Gabatarwa

Wannan lacca za ta duba rukuni uku na kalmomin da Bahaushe yake auna mutum da su, wato kalmomin karɓuwa, na suna da na dacewa, domin ta nuna cewa zango bai kafu a ƙasar Gana da ƙarfin takobi ko mallakar ƙasa ba, da kyakkyawar shaida ya kafu, kuma da ita kaɗai zai ci gaba da tsayuwa.

Ma'anar kalmomin

Karɓuwa ta fito daga aikatau karɓa, kuma idan aka ce abu ya karɓu ana nufin jama'a sun yi na'am da shi, saboda haka hukunci ne da yake hannun wasu, ba wanda yake iya ba kansa. 'Yan'uwanta su ne yarda da amincewa, sai dai amincewa ta fi nauyi, domin ana iya yarda da maganar mutum sau ɗaya, amma ba a amince masa sai an gwada shi an ga bai ci amana ba.

A rukuni na biyu akwai suna, daraja, martaba, ƙima da mutunci. Suna shi ne abin da bakin mutane yake faɗa, don haka yana iya zama mai kyau idan mutum ya yi suna, ko maras kyau idan ya yi ƙaurin suna. Daraja da martaba, waɗanda aka aro daga Larabci, suna nuni ga matsayi, irin wanda sarauta ko ilimi ko shekaru suke bayarwa, ita kuwa ƙima asalinta farashi ne. Mutunci ya bambanta da su duka, domin daga kalmar mutum aka gina shi, kuma talaka yana da shi kamar yadda attajiri yake da shi, shi ya sa cin mutunci ya fi asarar dukiya ciwo, har Hausawa suke cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Rukuni na uku ya ƙunshi dacewa da cancanta. Dacewa tana auna abu da muhallinsa, kamar magana da wurin da aka faɗe ta, cancanta kuma tana auna mutum da aikin da za a ɗora masa. Malaman fiƙihu suna kiran dacewar ma'aurata kafa'a, kuma mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen zango suke bi, ta ɗora ta a kan addini da kuɓuta daga aibobin da suke hana zaman aure, ba a kan dangi ko dukiya ba. A laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki, Anthony Kirk-Greene ya lissafa gaskiya, amana, kunya, ladabi da mutunci cikin siffofin da Bahaushe yake nema, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ake gada ta jini.

Yadda amana ta kafa zango

Zango a asali masaukin ayari ne, inda madugu yake sauke fatake a kan hanyar Gwanja, wadda ta haɗa Kano da Katsina da kasuwar goro ta Salaga. Baƙon da ya iso ba shi da takarda ko jingina, sai fatoma ko mai gida ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan za a ba shi bashi, saboda haka jarin mai gida na farko shi ne sunansa, kuma ranar da aka shaide shi da ha'inci ranar baƙi suke ƙaurace wa ƙofarsa. Bayan Ingila ta ci Tonawan Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi, Kumasi da bakin teku. A Akra, Malam Naino ya kafa zangonsa a ƙarshen ƙarni na 19, ɗansa Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Malam Amadu Futa kuma ya samu filin Nima daga gidan Odoi Kwao wajen farkon shekarun 1930. Masu ƙasa ba su ba waɗannan malamai fili ba sai don sun karɓu a wurinsu, karɓuwar kuwa halinsu ne ya jawo ta.

Lokacin da suna ya rabu da hali

Tarihi ya nuna cewa karɓuwa tana iya gushewa ba tare da laifin mai ita ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Gana ƙarƙashin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, umarnin da ya raba gidajen zango da yawa, ciki har da mutanen da a Gana aka haife su. Bayan haka cunkoso, ƙarancin magudanan ruwa da rashin aikin yi suka haɗu da aikin wasu tsirarun matasa da 'yan siyasa suke haya lokacin zaɓe, har kalmar ɗan zango ta ɗauki nauyin da ba nata ba a bakin waɗanda ba su taɓa kwana a Nima ba. Ƙaurin suna irin wannan yana iya cin rai: a watan Yuli na 2018 an harbe mutum bakwai daga zangon Asawase na Kumasi bisa zargin fashi, daga baya kwamitin binciken da gwamnati ta kafa bai samu hujjar cewa 'yan fashi ba ne.

Sai dai akwai shaidar da take tafiya ta ɗaya ɓangaren. Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya zama babban limamin ƙasa a 1993, ya ziyarci cocin Christ the King a 2019, shekarar da ya cika ɗari, Musulmi da Kirista suka shaida masa da son zaman lafiya. Babban masallacin ƙasa da aka buɗe a unguwar Kawukudi ta Akra a 2021, da Asusun Raya Zanguna da doka ta kafa a 2017, da ɗan ƙwallo Mohammed Kudus da ya taso a Nima, duk sun ɗaga sunan zango, amma gini da doka da shahara daraja suke ƙarawa, mutunci kuwa sai an gina shi a cikin gida, makaranta da kasuwa.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne cewa al'umma ba ta da iko a kan abin da ake faɗa game da ita, amma tana da cikakken iko a kan cancantar 'ya'yanta. Saboda haka ya wajaba iyaye su haɗa wa yara, maza da mata, karatun allo da na boko, sarakuna da limamai su ƙi tsaya wa wanda aka san yana cutar jama'a ko da ɗan gida ne, matasa su ƙi sayar da mutuncinsu ga mai neman ƙuri'a, hukumomi da 'yan jarida kuma su auna kowane ɗan zango da aikinsa, ba da sunan unguwarsa ba. Allah Ya kare mana mutuncinmu, Ya sa mu gama da kyakkyawar shaida.