Hunturun 'Yan Birtaniya a Ƙauyukan Dordogne

A garin Eymet da ƙauyukan kewayensa, a yankin Dordogne da ke kudu maso yammacin Faransa, 'yan Birtaniya da suka sayi tsofaffin gidajen dutse don sha'awar bazara sukan tarar a lokacin hunturu cewa katangar dutse ba ta ɗumama da wuri, don haka hidimar yini takan koma ta itacen wuta, wanda ake saye da stère, wato tari mai mita ɗaya ta kowane gefe. Tun 2021, bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ɗan Birtaniyan da ba shi da biza ko takardar zama ba ya wuce kwana 90 cikin 180, shi ya sa gidaje da dama ke kwana a kulle, kasuwar Alhamis ta garin kuma takan rage wa mazauna na dindindin.