Jirgin lantarki a Makka da masu bin ɓarauniyar hanya

Jawabin da aka gabatar ga 'yan uwa matasa a Kafin Dafga

 

'Yan uwa, kakanninmu na ƙasar Kano idan suka ɗaura niyyar Hajji, sallama suke yi da iyali irin ta wanda ba a sa ran dawowarsa. Su bi ta Barno, su ratsa Chadi, su shiga Sudan, suna tafe suna ƙodago har bakin Bahar Maliya. Wasu can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau.

To yau fa? Tun 2010 akwai jirgin ƙasa na lantarki da ke jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa. A 2018 aka buɗe jirgin Haramaini, mai tafiyar kilomita 450 daga Makka zuwa Madina cikin awa biyu da 'yan kai. Wato duk tarago guda ya rage bas-bas ɗin da ke cushe hanya suna turnuƙe alhazai da hayaƙi. Ga kuma katin Nusuk, wanda ke ɗauke da sunan alhaji da masaukinsa, ko ya ɓata a gane inda za a mai da shi.

Amma ku lura da kyau, 'yan uwa. Duk wannan sauƙi na wanda ya shiga ta ƙofa ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka. Hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Ba kati, don haka ba tanti mai sanyi, ba mota, ba jirgi. A ƙasa suka yi ta tafiya cikin rana har suka faɗi. Allah Ya jiƙansu.

Shi ya sa nake jan kunnenku game da dillalan da ke bin ƙauyuka suna cewa saurayi ya sayar da gona ko shanun huɗa, a yi masa bizar ziyara, in ya isa ya saje. Wallahi kakanninmu ba ɓuya suke yi ba, hanyar zamaninsu suka bi a fili. Hajji kuwa a kan mai iko aka wajabta shi, kuma malamai sun sa amincin hanya cikin iko.

Na san za ku ce kuɗin kujera ya gagari talaka. Gaskiya ne, ya haura naira miliyan 8 a 2025, kuma ba za mu daina faɗa wa mahukunta ba. Mai niyya ya shiga adashin gata na Hukumar Alhazai, ya riƙa zubawa bayan kowace kaka. Gonar kuma a bar wa iyaye da ƙanne abin ci.

Wanda Allah Ya kai shi, don Allah kada ya watsar da robar ruwa a Mina. Tsoho ne mai sanda zai taka ta a cikin turmutsitsin jifa.