Baƙon Tsuntsu: Yaro Ne Ko Babba, Namiji Ne Ko Mace?

Jawabin yau a kan baƙi ne, amma baƙi masu fiffike.

Kowace shekara, daga watan Satumba zuwa Oktoba, ƙananan tsuntsaye suna baro ƙasashen Turai saboda sanyi. Sukan ƙetare teku da hamadar Sahara, su sauka a wurare irin su fadamar Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi. Nan suke cin rani. A watan Maris ko Afrilu sai su koma gida su yi ƙwai. Yawancinsu ƙwari suke ci, saboda haka abokan manomi ne.

A cikinsu akan sami wanda ya yi ɓatan kai. Akwai wani ɗan mitsitsi da ake ƙyanƙyashewa a Saberiya, can ƙasar Rasha. Sunansa a Turance yana nufin mai rawayar gira. Nauyinsa kamar giram 6 ne, bai kai goro guda ba. Wurin cin raninsa kudu maso gabashin Asiya ne, amma wasu sukan yi yamma, su ɓulla a Turai. Har a Senegal an taɓa ganinsa. Masana sun lura cewa yawancin masu ɓatan nan yara ne, masu tafiyar fari. Shi ya sa idan baƙo ya sauka, sukan fara da tambaya biyu: yaro ne ko babba? Namiji ne ko mace?

Namiji ko mace

Alama ta farko ita ce launi. Akwai wani ɗan ci-rani mai daɗin kuka da Turawa suka laƙaba wa suna mai baƙar hula. Namijin kansa baƙi ne, kamar ya kafa hula. Macen kuwa hularta ja-ja ce, launin ƙasa. Amma a nan akwai tarko. Duk 'ya'yan, maza da mata, da jar hula suke barin sheƙa. Daga baya ne namijin yake sake gashi ya yi baƙa. Idan aka ga baƙar hula da ɗigo-ɗigon ja a cikinta, to saurayi ne ɗan bana.

Mutanen karkara sun san irin wannan. Da damina mulufi yakan yi ja wur, zalaidu kuma yakan fitar da dogon bindi. Da rani ya yi sai su tuɓe kwalliya, su koma kamar matansu. Ashe launi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an duba lokacin shekara.

Shi mai rawayar gira, namiji da mace launinsu ɗaya. Sai masana su auna fiffike da ma'auni mai milimita. Na namiji yakan ɗara na mace kaɗan. Idan tsawon ya faɗa tsakiya, sai su bar gurbin a littafi babu komai, domin gara a bar shi da a rubuta ƙarya.

Yaro ko babba

Mai sayen rago yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora. Tsuntsu ba shi da haƙori, gashinsa ake dubawa.

Da farko a dubi gashin bindi. A yawancin waɗannan tsuntsaye, na yaro siriri ne mai tsini a baki, kuma yana saurin zaizayewa. Na babba ya fi faɗi, bakinsa a zagaye.

Na biyu, a dubi fiffike. Babban mai baƙar hula yakan sake gashinsa kaf kafin ya taso, sai ya iso da riga iri ɗaya. Yaro kuwa wani sashe kawai yake sakewa. Saboda haka akan ga sabon gashi kusa da tsohon gashin sheƙa a fiffike guda, kamar riga mai maho. Wannan maho shaidar ƙuruciya ce.

Zobe a ƙafa

Wani lokaci akan ga tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa. Ba sihiri ba ne, ba kuma na aljanu ba ne. Masana ne suka sa masa. Wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, mai suna Mortensen, shi ya fara wannan dabara a shekarar 1899. Kowane zobe yana da lambarsa da sunan wurin da za a aika labari. A Nijeriya ma ana wannan aiki a cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke Laminga, kusa da Jos. Da wannan lamba ake sanin ranar da aka sa zoben, da garin, da shekarun tsuntsun.

Abin da ya kamata a yi

1. A tsaya daga nesa a ƙare masa kallo: kai, gira, ƙirji, fiffike da bindi.
2. A rubuta rana da wuri da irin bishiyar da ya sauka. Mai waya ya ɗauki hoto.
3. Idan ya faɗa tarko yana da zobe, a kwafe lambar daidai, a sake shi da zobensa.
4. Idan matacce aka tsinta, a cire zoben a kai wa malamin daji, sannan a wanke hannu da sabulu.
5. Idan aka ga gawar tsuntsaye da yawa wuri guda, kada a taɓa. A sanar da malamin dabbobi saboda murar tsuntsaye.

Iyaye kuma su ja kunnen yara masu danƙo. Tsuntsun da bai kai goro ba, ba zai cika baki ba, balle ciki. Ya yi tafiyar dubban kilomita kafin ya iso. Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Wanda ya yi wannan doguwar tafiya ya cancanci a bar shi ya huta, ya koma gida lafiya.