Keken Kishingiɗa da Neman Lafiyar Jiki

Jawabin da ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙungiya, mazaunin ƙasar Holand, ya gabatar a babban taron shekara-shekara

  

  

Da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce a bana ni zan yi magana a kan kiwon lafiya, na tuna masa cewa aikin gona na karanta, ban taɓa riƙe allura ba. Ya ce sun sani, amma likitoci sun yi magana shekara uku a jere, jama'a sun tafa, kowa ya koma ya ci gaba da abin da yake yi, saboda haka a bana sai a ji ta bakin majinyaci. To, ga majinyacin nan a gabanku. Kuma kafin in tashi duk mun ji an karanto sunayen 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya a wannan shekara, Allah ya jiƙansu. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma duk wanda ya saurari sunayen nan ya san da yawansu ba su kai shekara sittin ba, ya kuma san sau nawa aka ce mana hawan jini ne, ko ciwon suga, ko shanyewar ɓarin jiki.

A shekarar 2016 saura kaɗan nawa sunan ya shiga wannan takarda. Ina da shekara 51, nauyina kilo 106, aikina zama a gaban kwamfuta daga safe zuwa yamma, sannan in shiga mota in koma gida in ci tuwo in kwanta. Wata rana jiri ya ɗebe ni a matakalar ofis. Da aka auna jinina sai ga 165 bisa 105, alhali daga 140 bisa 90 likitoci suke cewa jini ya hau. Likita ta rubuta mini magani, ta ce amma in ban motsa jikin nan ba, magani kawai za a yi ta ƙara mini.

Holand ƙasar kekuna ce, kekunan cikinta sun fi mutanenta yawa. A tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht akwai wurin ajiye keke da aka kammala a 2019 mai cin keke 12,500. Saboda haka keke ne abin da ya fara zo mini a rai. Na sayi irin wanda muka sani, na hau na mako biyu, na jingine shi. Ƙuguna ya riƙe, wuyan hannuna ya yi tsami, sirdin kuwa, saboda iyayenmu mata da ke wurin, ba zan faɗi abin da ya yi mini ba. Mutum mai kilo 106 a kan sirdin da bai fi tafin hannu ba, ai sai haƙuri.

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya, ya haura saba'in. Shi ya ga keken a jingine ya tambaye ni dalili, da na faɗa masa sai ya shiga garejinsa ya turo wani abu da na sha gani a hanya ina yi wa masu shi dariya. Su a harshensu suna kiran sa ligfiets, wato keken kwanciya, ni kuwa na raɗa masa keken kishingiɗa, don mai hawansa bai kwanta ba, bai kuma zauna ba. A maimakon sirdi, kujera ce doguwa mai majingina tun daga ƙugu har kafaɗa. Feda ba ta ƙarƙashinka, tana can gaba, sama da tayar gaba, sai ka miƙe ƙafafu kana turawa kamar mai tura ƙofa da sawu. Sarƙarsa ta ninka ta keken da muka sani fiye da sau biyu a tsawo, domin daga can gaba take tahowa har tayar baya. Wasu kan keken yana gaban ƙirji, wasu yana ƙarƙashin kujera, ka sauke hannu gefe da gefe kamar basarake a karaga. Allah ya ja zamanin Hakimi, ba da kai nake ba.

Na iya keke tun ina ɗan shekara tara, a kan Raleigh ɗin mahaifinmu na koya, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfe kamar yadda yaran zamaninmu suke yi. Amma ranar nan sau uku na faɗi a kan ciyawa. Wahalar tana wurin tashi. A keken da muka saba kana iya tura ƙasa da ƙafa ka ɗan gangara kafin ka hau, a wannan kuwa kana jingine, ƙafa ɗaya a sama kan feda, dole turawar farko ta zama mai ƙarfi, in ba haka ba ka kife. Dattijon ya ce mini abu biyu. Ya ce in saki kafaɗuna in daina damƙe kan keken kamar za a ƙwace mini, kuma in daina kallon ƙafafuna, in kalli bishiyar da ke can nesa. A karo na huɗu na tafi. Na yi kamar mita ɗari biyu ina tangaɗi, yaran unguwa suna bi na suna ihu, sai na ji kamar a garinmu nake shekara arba'in da suka wuce.

Shi ne kuma ya ba ni tarihin abin, daga baya na bincika na tarar haka ne. Wani Bafaranshe mai suna Charles Mochet ya ƙera irin wannan keke a farkon shekarun 1930. A ranar 7 ga Yulin 1933, a birnin Faris, wani ɗan tsere mai suna Francis Faure, wanda ba ya ma cikin gwanayen zamaninsa, ya hau shi ya yi tafiyar kilomita 45.055 cikin awa ɗaya, ya karya tarihin da Oscar Egg ya kafa tun 1914 na kilomita 44.247. Abin ya tayar da ƙura. A 1934 hukumar tseren keke ta duniya ta fitar da dokar da ta hana irin wannan keke shiga gasarta, har yau kuwa ba ya shiga. Wannan na cikin dalilan da suka sa bai yaɗu ba. Masu sha'awarsa sai suka buɗe tasu gasar, kuma a 2016, a wata hanya da ke kusa da garin Battle Mountain a jihar Nevada ta Amurka, wani ɗan Kanada mai suna Todd Reichert ya yi gudun kilomita 144 a awa a cikin irinsa da aka lulluɓe da kwanso mai santsi, babu inji, ƙafa ce kawai.

Sirrin ba wani abu ba ne illa iska. Mai keke a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar ya fara sauri, yawancin ƙarfinsa wajen ture iska yake tafiya, kuma in gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska ninkawa take yi sau huɗu. Wanda ya kishingiɗa ƙafafunsa ne a gaba, ƙirjinsa bai tare iska ba. A Holand kusan babu tuddai, amma akwai iskar teku da ba ta hutawa, ita ce tudunsu. Sau da yawa nakan wuce samari majiya ƙarfi sun sunkuya suna fama da ita, ni kuwa ina jingine ina kallon shanu a makiyaya.

Na sayi nawa na hannu, na fara zuwa aiki da shi, kilomita 14 zuwa, 14 dawowa. Watan farko ban ji daɗi ba, gaskiya ɗaya ce. Naman cinya da na mazaunai da wannan keke yake aiki da su ba su saba ba, sai da suka yi kusan wata biyu kafin su daina ƙorafi. Na kuma yi kuskuren da masu sabon hawa suke yi. Da yake bayanka yana tokare da kujera, kana iya danna feda da ƙarfin da ya fi na gwiwarka, ni kuwa na sa babbar giya ina dannawa don in ga na yi sauri, har gwiwar hagu ta kumbura na yi kwana goma ban hau ba. Daga nan na koyi sa ƙaramar giya da juya ƙafa da sauri, kamar juyi tamanin a minti. A kan gada ko ɗan tudu kuwa babu damar miƙewa tsaye a kan feda, sai dai ka sauko da giya ka hau sannu a hankali, tsofaffin mata masu kwandon cefane suna wuce ka. In ana ruwa, a cinyarka yake taruwa. Ba ka iya waiwaye sosai, dole ka sa madubi. Kare kuma, in ya biyo ka, fuskarku daidai take.

Amma ƙugu ya daina ciwo, wuyan hannu ya huta, kuma wannan shi ne abin da ya riƙe ni. Motsa jikin da ke sa ka ciwo ba za ka daɗe kana yi ba, komai ƙudurinka. Da farko kilomita 14 ɗin nan awa ɗaya da 'yan mintoci nake yi, in isa ofis ina haki kamar wanda ya yi noman rani da tsakar rana. Bayan wata shida sai ga shi minti 40 ya ishe ni, ina iya gaisawa da mutum a hanya ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Barci ya daidaita. Azumin 2017 ya zo a watan Mayu da Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma na dare, na ɗauka sai na ajiye keken, ashe rage gudu kawai ake bukata. Na yi watan ina hawa a hankali, ban fasa ko kwana ɗaya ba. Bayan shekara ɗaya da rabi nauyina ya dawo kilo 89, jini ya sauko 130 bisa 85. Na rage tuwon dare da lemon kwalba, kada in ba keke ladan da ba nasa kaɗai ba. Likita ta rage mini magani, ba ta ce in daina ba, har gobe ina sha. Ina roƙon masu shan maganin hawan jini a cikinmu, kada wani ya fita daga nan ya ce ɗan Holand ya ce a yar da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wato wanda zai sa numfashi ya ɗan ƙaru amma kana iya magana. Rabin awa a rana, kwana biyar a mako, ya kai ka mafi ƙarancin adadin. Iyayenmu ba su taɓa lissafa wannan ba, domin gona da kasuwar ƙauye da Raleigh sun ɗauke musu. Mu da muka koma birni muka sayi mota, mun ɗauki hawa keke alamar karayar arziki. Na tabbata da yawanmu a nan in aka gan su a kan keke a unguwarsu, kafin la'asar labari ya iso garin nan cewa wane ya shiga wani hali. Mark Rutte ya shugabanci gwamnatin Holand daga 2010 zuwa 2024, a kan keke aka saba ganinsa yana zuwa ofis. Mu ma a nan Ojo Maduekwe, yana ministan sufuri a 2001, ya yi kiran a koma hawa keke, shi kansa ya hau a Abuja, mutane suka mai da abin wasa. Sai da aka cire tallafin man fetur a 2023 sannan wasunmu suka fara tuna inda suka jingine nasu.

Sai dai ba zan ce wa kowa ya yi odar keken kishingiɗa ya hau titin Kano ko Legas ba. Kan mai hawansa bai wuce tsayin gilashin ƙaramar mota ba, direban tirela ba zai gan shi ba ko ya ɗaura tuta, ga hayaƙin salansa daidai hancinsa, ga ramuka, kuma ba ya iya ɗaga jikinsa daga kujera in taya ta faɗa rami, bayansa ne zai sha. A Holand hanyar keke daban take da ta mota, shi ya sa nake zuwa in dawo lafiya. Wanda ke zaune a unguwa mai shiru ya nemi keke irin namu, ya sa mai gyara ya daidaita masa tsayin sirdi, ya fita bayan sallar asuba kafin motoci su tashi. Mai ciwon baya ko ƙiba ko yawan shekaru kuwa, akwai keken kishingiɗa na girke wanda ba ya tafiya ko'ina, ana samunsa a ɗakunan motsa jiki da sashen gashin ƙashi na manyan asibitocinmu. Ba a faɗuwa a kansa, kuma iyayenmu mata da matanmu suna iya hawa a cikin gida cikin suturarsu. Wanda jininsa ya riga ya hau ya fara ganin likita kafin ya soma.

Shugaban ƙungiya, ina da roƙo. A cikin kasafin bana a ware kuɗin na'urar auna jini ga kowane reshe, a riƙa auna kowa a taron wata-wata kafin a karɓi kuɗin ƙungiya, ma'aji ya rubuta lambar kusa da sunan mutum. Sannan a sayi keken girke guda biyu a ajiye a asibitin garin nan. Ni na ɗauki nauyin guda, na riga na damƙa kuɗin ga ma'aji jiya da dare, saura ɗaya ya rage ga sauran 'yan uwa.