Ƙwannafi da Awon Ƙarfin Bakin Tumbi



Kalmar ƙwannafi zafin ƙirji kurum ta ambata, ba ta faɗi sanadinsa ba. A asibiti ma akasarin marasa lafiya "olsa" suke kiransa, alhali kuwa gyambon ciki daban, ƙwannafi daban. Asalin abin yana can ƙarshen bututun abinci, inda ya shiga tumbi. A nan akwai wani zoben tsoka mai tsuke bakin tumbi kamar bakin zabira, yana sakuwa idan aka haɗiyi abinci, sa'an nan ya koma ya tsuke don kada ruwan tsami ya yi sama.

Wannan zobe yana da wuyar gani da ido, ko ga mai fiɗa. Sai a 1956 Charles Code da abokan aikinsa a asibitin Mayo na Amurka suka tabbatar da shi ta hanyar awon matsi. Yadda ake yi a yau shi ne, bayan mutum ya yi awa 6 bai ci kome ba, a zura masa siririn bututu ta hanci har tumbi, a ba shi ruwa mililita 5 ya haɗiya sau 10. Bututun zamani yana ɗauke da ma'auni 36, santimita guda tsakanin kowane biyu.

Da farko an zaci rauni ne kawai, watau zoben ya saki ba ya tsukewa. Amma awo ya nuna da yawa daga masu ƙwannafi zobensu da ƙarfinsa. To, ta ina tsamin ke bi? Matsalar ita ce zoben yana motsi sama da ƙasa tare da numfashi da haɗiya, sai ya zame wa ma'aunin. A 1976 John Dent na Ostareliya ya ƙera ma'auni mai tsawon santimita 6 wanda zoben ba ya kufce masa. Da shi ne, a 1980, aka gano cewa zoben yakan saki haka kawai ba tare da an haɗiyi kome ba, ya daɗe fiye da daƙiƙa 10 a buɗe. Cikar tumbi ce ke jawo wannan, kuma ita ce hanyar gyatsa. Kowa yana yi. Bambancin mai ƙwannafi shi ne tsami yakan biyo iskar. Shi ya sa ciwon ya fi tashi bayan an cika ciki.

Sai dai awon minti kaɗan da ciki wayam da wuya ya riski wannan sakuwa, saboda haka shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Mai yanke hukunci shi ne awon tsami na awa 24, wanda ake kafa ma'auninsa santimita 5 sama da zoben, awon matsi kuma shi ke nuna gurbin.

Babban amfaninsa yana wajen fiɗa. Akwai wata cuta, akalashiya, wadda a cikinta zoben ke ƙin sakuwa. Abinci ya taru, ƙirji ya yi zafi, a ɗauka ƙwannafi ne. Idan aka yi wa irin wannan mutum aikin Nissen, watau aka naɗe saman tumbi a kan bututun don ƙara tsukewa, to haɗiyar da dā take masa wuya sai ta nemi gagararsa ɗungum.