Filash Ya Ƙi Buɗuwa: Jawabi Ga Jama'ar Miri Da Sauran 'Yan Ƙasa

Jama'a, akwai wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda a yau ya zama adakar takardun mutane da yawa, watau filash. Cikin shekarar 2000 ya fara shiga kasuwa, sa'ad da kamfanin Trek na Singafo da IBM na Amurka suka fito da shi, kuma na IBM megabayit 8 kaɗai yake ɗauka. Yanzu kuwa ɗalibin da ke zaune a Miri, kan hanyar Jos, yakan zuba aikinsa na shekarar ƙarshe a ciki ya nufi shagon buga takardu cikin garin Bauchi. Haka malamin makaranta yake yi da sakamakon jarrabawa, haka akawu da lissafin albashi. Ran da aka soka filash a kwamfuta ya ƙi buɗuwa hankali yakan tashi, kuma cikin wannan tashin hankali aka fi yin hasara.

Lalle ne a san cewa ƙin buɗuwa ba ya nufin bayanai sun salwanta. Filash kamar babban littafi ne mai shafin jagora a farkonsa, inda aka rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake. Idan aka zare shi kwamfuta tana cikin rubutu, ko wuta ta ɗauke, sau da yawa shafin jagoran ne ke lalacewa, sauran shafuka suna nan daram. Kwamfuta ta rasa jagora, sai ta nemi izinin yi wa filash ɗin fomat, watau ta share shi ta shirya shi sabo. Nan ne mahalaka. Wajibi ne mai filash ya ƙi, ko da mai shago yana cewa ai ba kome. Fomat na gaggawa jagoran kaɗai yake sakewa, akan iya ceto abu mai yawa bayansa. Amma cikakken fomat, tun daga Windows Vista, yana bin kowane shafi ya shafe shi, kuma bayansa babu sauran dabara. Haka nan kada a zuba wani sabon fayil a ciki, domin sabon yana iya hawa kan tsohon da ake nema.

Abin da ya kamata a fara yi mai sauƙi ne: a gwada wata kafa, a gwada wata kwamfuta, a hure ƙurar bakinsa, musamman lokacin hunturu. Idan kwamfuta ta gane shi, ta nuna girmansa daidai amma ta kasa buɗe shi, akwai kyakkyawan zato. Ƙwararre yakan fara kwafe filash ɗin gaba ɗayansa zuwa cikin kwamfuta, sa'an nan ya yi aiki kan kwafin, domin kada jinya ta ƙara wa majinyaci ciwo. Akwai manhajoji na kyauta na wannan aiki. TestDisk yana ƙoƙarin gyara jagoran da ya lalace. PhotoRec kuwa ba ruwansa da jagora, shafi-shafi yake bi yana tsinto takardu da hotuna, sai dai yakan dawo da su ba tare da sunayensu na asali ba, mai su ya zauna ya tantance. Duk abin da aka ceto, a wani wuri dabam za a ajiye shi.

Wata cuta kuma ta yawaita a shagunan da filash ɗari ke shiga kwamfuta guda. Mutum ya buɗe ya ga jakunkunansa sun ɓace, sai wasu alamomi masu 'yar kibiya. Ƙwayar cutar kwamfuta ce ta ɓoye su. In an duba za a ga wurin ajiya a cike yake kamar da. Kada a taɓa alamomin. A kashe cutar tukuna, kana a umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli.

Idan ko kwamfuta ba ta ma san an soka kome ba, ko bakin ya lanƙwashe, to ciwon na jiki ne. Mai gyara yana iya liƙe bakin da dalma. In ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi ce ta ƙone, sai an ciro ma'ajiyar an karanta ta da na'ura ta musamman, aiki mai tsada wanda ba kowane mai gyaran waya ya iya ba. Mafi muni shi ne filash na jabu, wanda ke nuna gigabayit 64 alhali cikinsa bai kai haka ba: abin da ya haura ainihin girmansa bai taɓa zama a ciki ba, balle a ceto shi. Manhajar H2testw tana tona asirin irinsa, in an gwada tun ranar saye.

Ma'aikacin da filash ɗinsa ke ɗauke da sunayen jama'a, da lambobinsu na banki ko na shaidar ɗan ƙasa, ya tuna da Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, wadda ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan masu riƙe da su. Ya sanar da shugabansa kafin ya kai gyara, ya tsaya a yi aikin a gabansa, ya kuma tabbata an goge kwafin da ya rage a kwamfutar mai gyara kafin ya bar shagon.