Wata Uku Ban Yi Gudu Ba, Ga Abin da Jikina Ya Gaya Min

Masu tambayar ina na shige, to ga ni. Taifot ce ta kwantar da ni, na warke kuma aiki ya sha min kai, sai da na yi wata uku cur ban ɗaura takalmin gudu ba.

Asabar ɗin da ta wuce, bayan sallar asuba, na fita. Da can kilomita 10 nake yi ba tsayawa. Rannan kuwa ko 2 ban cika ba na ji zuciyata kamar za ta faso ƙirji. Na tsaya gaban teburin wani mai shayi ina ta haki, ya dube ni ya ce, "Malam, zauna mana." Wallahi kunya ta kama ni.

Ina zaune a bencin nan sai na tuna lokacin da nake kwance, ko banɗaki sai an riƙe ni. Yau ga ni da ƙafata na yi kusan kilomita 2, wai kuma ina fushi. Nan take na ce Alhamdulillah.

To me ya sa jiki yake ja baya haka? Idan ka daina atisaye, cikin 'yan makonni ruwan da ke cikin jininka yana raguwa. Kowane bugu sai zuciya ta tura jini kaɗan, dole ta ƙara sauri don ta cike giɓin. Shi ya sa gudun da kake yi kana hira ya koma na haki. Wannan ɓangaren yana saurin dawowa. Amma agara da gwiwa da ƙashin ƙwauri sun fi jinkirin sabawa da nauyin gudu. Tarkon ke nan: bayan mako uku ko huɗu numfashi ya daidaita, ka ɗauka komai ya dawo, ka ninka nisa, sai agara ta kama ciwo, ka sake zama wata biyu. Da yawa daga nan suke barin gudu kwata-kwata.

Ko Eliud Kipchoge ɗan Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a 2019, yakan huta na makonni bayan babbar gasa, kuma mafi yawan atisayensa a hankali yake yi. To ni wa?

Ga tsarin da na ɗaukar wa kaina. Kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Gudu minti 2, tafiya minti 1, har minti 20 su cika. In ban iya faɗin cikakkiyar jimla ba sai na yanke numfashi, saurin ya yi yawa, sai na rage. Da na farka kuma, kafin na sauko daga gado, ina ƙirga bugun zuciyata na minti ɗaya. Ranar da ya haura yadda na saba sosai, tafiya kawai nake yi. Burina in kai minti 150 a mako, wato mafi ƙarancin motsa jiki matsakaici da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi.

Sannan ku bambance tsamin jiki da ciwo. Tsami yakan kama ƙafa biyu, ya lafa bayan kwana biyu ko uku. Ciwo kuwa wuri ɗaya yake suka, yana ƙaruwa in kana gudu. Wannan a tsaya. In ciwon ƙirji ne ko jiri, sai likita. Kuma don Allah kar wanda ya fita gudu da zazzaɓi a jikinsa.

Gobe da asuba zan sake fita, minti 20 kacal. Duk wanda takalminsa ya daɗe a ƙarƙashin gado, ya kakkaɓe shi mu fara tare. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya ƙara mana lafiya.